Ɗinkin da Likita Ya Farke

Tun da muka dawo gida, duk matar da ta shigo yi mana barka da arziki sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari tun daga farko. Na maimaita har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Ba tausayi nake nema ba, Allah ya riga ya kawo mana sauƙi. Damina ce ke tafe, garma za ta sake fita gona, kuma ba na so wata ta kwana a barandar asibiti kamar yadda na kwana.

Wani ƙauye muke a bayan Sabuwa. Maigidana, Malam, manomi ne mai shanun huɗa biyu. Da su muke ci, domin bayan gonarmu har ta mutane yana yi wa huɗa. Ni kuma ina da keken ɗinki a ɗaki, ina ɗan taɓa rigunan yara da zannuwan mata. Ƙafar Malam ita ce jarin gidan nan, tunda shanu ba sa bin kunyar gona su kaɗai.

Da hantsi abin ya faru, ana huɗar masara. Wani abu ya firgita san da ke hagu, ya zabura, garma ta kuɓuce daga hannun Malam ta juyo. Bakinta ya tsaga masa sharaɓar ƙafar dama, daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu. Mutanen gonakin kusa suka rugo, kuma Allah ya saka musu, sun yi abin da suka sani. Suka ɗebi ƙasa suka danna a ciki don jini ya tsaya, wani ya murje ganye ya ƙara, aka ɗaure da tsumma. Gonar kuwa taki muka zuba mata da rani. Daga nan aka ɗora shi a mashin zuwa wurin mai kemis na ƙauyen gaba.

Ba zan kama sunan mai kemis ɗin ba. Ya sha taimakonmu a zazzaɓin yara, kuma ban yarda mugunta ce ta sa shi ba. Ya goge bakin ciwon da auduga, ya shafa jan magani, ya zauna ya ɗinke shi tsaf. Da aka kawo Malam gida na ɗaga bandejin na duba da idon mai sana'a. Ɗinki ƙanana, a jere, a matse, babu inda ya karkace. Ko a wuyan riga na ga irinsa sai na yaba.

Duk wanda ya zo dubiya tambaya ɗaya yake yi daga zaure: "An ɗinke?" A ce masa an ɗinke. Sai ya ce, "To ai shi ke nan, Allah shi ƙara sauƙi." A wurinmu kalmar nan ita ce ƙarshen magana. Ko rigima ce tsakanin 'yan'uwa, da an ce an ɗinke, kowa ya tashi ya kama gabansa.

Wanda ya fi kowa samun natsuwa shi ne Alhaji Babba, wan Malam, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, kuma shi ke yanke magana a gidan. Fataucin hatsi yake yi. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa wuce gaisuwa da shi ba. In durƙusa, in sunkuyar da kai, in ce ina kwana, ya amsa yana duban wani wuri. In yana da saƙo gare ni, ƙaninsa yake faɗa wa ko da ina tsaye a wurin. Haka muka taso muka ga ana yi tsakanin mace da wan mijinta.

Ba a rufa mako ba ƙafar ta fara magana. Da farko zogi ne, Malam ya ce kamar ana buga masa ganga a ciki. Sai kumburi, fatar ta yi sheƙi, zaren ɗinkin ya nutse cikin nama. Sai zazzaɓi mai sa haƙora kaɗawa. Shawara kuwa ta yi ta zuwa har ta fi abincin dubiya yawa. Inna, mahaifiyarsu, ta ce bakin garma dafi gare shi, a yi gashi da ruwan zafi. Wata ta ce man shanu. Wani ya ce jini ne ya taru, zai watse da kansa. Inna ta hana shi gyaɗa da ƙwai da nono, wai su ke sa ciwo ruwa. Babu wanda ya ce a duba abin da ke ƙarƙashin ɗinkin, ni ma ban kawo shi a raina ba.

Wari ne ya tashe mu. Wata safiya na shiga da koko na ji shi tun daga bakin ƙofa, na ga Malam yana kallona bai gane ni sosai ba. Na aika wa Inna, Inna ta aika wa Alhaji. Gaskiya bai yi jinkiri ba, ya nemo mota muka kama hanyar babban asibiti. Wanda ya san hanyarmu da damina ya san abin da Malam ya sha. Kowane rami sai ya ambaci sunan Allah.

A asibiti muka tarar da layi, na kati daban, na ganin likita daban, na biyan kuɗi daban. Malam yana kwance a kan benci ƙudaje na bin ƙafarsa, ni ina kora da gefen mayafi, har azahar ta gota. Na ji haushi ranar, kuma har yanzu in na tuna ina ji. Amma da likitan ya zo, wani siririn mutum mai gajiya a ido, bai ɓata lokaci ba. Ya danna gefen ciwon da yatsa, ya dube ni.

"Wa ya ɗinke wannan?"

Na ce mai kemis.

"Ya wanke cikin kafin ya ɗinke?"

Na ce ya goge bakin.

Ya ɗauki almakashi ya fara tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fito ba zan kwatanta shi duka ba, don wata na iya karanta wannan tana cin abinci. Amma na ga ƙasar gonarmu da idona, na ga guntun ganye. Duk kwanakin nan suna ciki, an kulle musu ƙofa.

A ranar aka yi masa allurar dafin ƙarfe, aka ɗaura ruwa, aka ce sai an shiga da shi tiyata an yanke naman da ya mutu. Aka nemi jini, maza biyu daga ƙauyenmu suka biyo mu suka bayar, Allah ya biya su. Komai sai mun saya, daga safar hannu har auduga. Awakina suka tafi kasuwa a makon nan, ban tsaya ban-kwana da su ba.

Da aka fito da shi, washegari aka buɗe don wanki, Alhaji yana tsaye. Ciwon ya ninka yadda yake, rami ne zururu, an cusa masa farin ƙyalle mai laima, babu zare ko ɗaya. Alhaji ya dafe bango. Ya fita bai yi wa kowa sallama ba, na ji shi a baranda yana faɗa wa mutanenmu: "Mun kawo ƙahwa a ruhe, sun buɗe ta sun bari. Wannan wane irin aiki ne?"

Mako na biyu shi ne na wankin ciwo. Kullum da safe a cire ƙyallen jiya, a zuba ruwan gishiri, a goge, a cusa sabo. Malam mutum ne mai cije wa wahala, amma a nan na ga hawayensa. Yakan cusa gefen zane a baki don kada sauran marasa lafiya su ji. Akwai ma'aikaciyar jinya guda mai hannu kamar tana kankare tukunya, in ita ce da aiki tun safe gabana ke faɗuwa. Akwai kuma wata, Sista muke ce mata, 'yar wajen Ƙanƙara, mai yi tana ba shi labarin gonar mahaifinta har a gama bai ankara ba. Ita ta ga kwanon Malam ta tambaye ni ina ƙwai, ina wake. Na ce Inna ta hana. Ta ce, "To da me kike so ya cike ramin, da ruwan koko?" Daga ranar na fara dafa masa a murhun bayan asibiti, inda mu masu jinya muke girki.

Wata safiya na tari likitan a bakin ƙofa na tambaye shi yaushe za a ɗinke. Ya ce sai cikin ya yi tsabta, nama ya taso ja. Ya ce, "Ki ji da kyau. In kuka ɗauke shi yanzu aka je aka rufe, za ku dawo mini, kuma a lokacin ba wanki zan yi ba. Daga saman gwiwa zan cire ta, in ma an zo da sauran lokaci." Na faɗa wa Malam. Ya ce Allah ya kyauta.

Shi kuwa Alhaji can gida ana ta hura masa kunne. Gadon da ke kusa da namu akwai wani bawan Allah da aka yanke wa ƙafa, kuma 'yan dubiya sun gan shi. Labari ya koma ƙauye cewa in likita ya ƙi ɗinke ciwo, to ya riga ya yanke shawarar guntule ƙafar, jira kawai yake. Ba na zargin Alhaji. Tsoro ne irin na wanda ya goya ƙaninsa a baya, kuma ya ga ramin nan da idonsa a rana mafi muni.

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, sai ga shi da motar haya. Ya zauna a bakin gado, na durƙusa na gaishe shi na koma gefe.

"Tashi za mu yi," ya ce wa Malam. "Akwai wani mutum wajen Faskari, an ce hannunshi da kyau. Shi ɗinke, shi ba ka magani, ka koma ɗakinka. Ba ni zama ina kallo a maishe ka gurgu."

Malam ya ce, "Yaya, likita ya ce a ɗan ƙara haƙuri."

"Likita ne ya riƙe ka ko ni? Mi ya sani game da kai? Direba na jira, ka san hanyar nan ba a bin ta bayan la'asar." Sannan ya ɗaga murya kaɗan, yana duban taga. "A haɗa kaya."

Ni ake nufi. Na dubi Malam, ya dube ni, ya kawar da kai. Na san shi. Ko wuta Alhaji ya ce ya taka, zai taka sannan ya nemi magani. Likita yana tiyata, Sista ba ta da aiki ranar. Ni kuma bakina bai taɓa buɗewa a gaban mutumin nan ba, kuma ko na buɗe, me zan ce? In ce wa wan mijina bai san abin da yake yi ba?

Na tashi na haɗa kaya kamar yadda aka ce. Tun da aka kwantar da Malam zane ne a jikinsa da singileti, domin wando ba ya wuce bandejin. Kaftaninsa biyu da wanduna da hula suna cikin jaka a ƙarƙashin gado. Na kwashe su duka, na bi ta ƙofar baya zuwa famfo, na zuba su a bokiti, na barbaɗa omo, na sakar musu ruwa. Na tsaya har suka jiƙe sharkaf. Na danna su ƙasa da kyau.

Na dawo na durƙusa ta wajen kan gado, na yi magana da mijina, don shi nake da ikon yi wa magana.

"Malam, kayan suna cikin ruwa."

"Wane kaya?"

"Na sawa."

"Duka?"

"Har hula."

Mutumin gadon kusa ya ja bargo ya rufe fuska, na ga kafaɗunsa na motsi don dariya. Alhaji ya juyo, kuma ranar ce ya fara dubana ido da ido. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Hadari ne a sama, ko an shanya babu ranar da za ta busar. Magidanci kamar Malam ba zai ratsa gari ya sauka a ƙofar gidan baƙo da ɗaurin zane ba. Alhaji ya dubi babbar rigarsa, na ga kamar yana auna ya tuɓe ya ba shi, sai dai wandon fa? Direba ya leƙo ya ce shi fa zai wuce, da su ko babu su, ba zai yi yamma a dajin nan ba. Alhaji ya yi tsaki, ya sallame shi, ya ce gobe da sassafe. Ya sa kai ya fita. A gidan wani abokin fataucinsa ya kwana.

Da safe ya dawo da niyyarsa, sai ya yi kiciɓis da zagayen likita. Na ba Sista labari da ta shigo aiki, ita kuma ta riga ta raɗa wa likitan abin da ya faru. Ya gaida Alhaji da girmamawa, ya ce ya matso ya gani kafin ya yanke hukunci. Aka cire ƙyallen. Ni da nake gani kullum ban lura da yadda ya sauya ba sai da na ga fuskar Alhaji. Baƙin nan duk ya tafi, wari ya tafi, nama ya taso ja jawur daga ƙasa, ramin ya ragu.

Likita ya tambaye shi sana'arsa, ya ce hatsi.

"To Alhaji, in aka kawo maka masara ba ta gama bushewa ba, ka zuba a buhu ka ɗinke baki, me za ka tarar?"

Alhaji ya ce, "Ta yi zahi. Ta ruɓe."

"In ka ga ta fara, me kake yi?"

"A farke buhun a shanya."

"Shanya muke yi. In ta bushe ni da kaina zan ɗinke, kuma kana tsaye."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Ba ku yanke ta?" Likita ya ce rai da lafiya na Allah ne, amma yadda yake gani, an wuce wurin. Alhaji ya sa gefen rigarsa ya goge fuska. Ban taɓa zaton zan ga haka ba, sai na fita na ba su wuri.

Sai cikin mako na huɗu aka ɗinke. An sa rana an ɗaga saboda babu wuta, an sake sawa an ɗaga saboda an kawo waɗanda suka fi mu gaggawa. Na yi mita, na kuma ji kunyar mitar da na ga waɗanda aka shigo da su. Da aka gama na duba aikin. Kai, ɗinkin bai da kyau ko kaɗan. Manya-manya, da tazara tsakani kamar haƙoran tsoho, can ƙasa ma an bar wani wuri a buɗe wai ya cike da kansa. Na ce wa Sista da ni na yi wa mace irin wannan a zane da ta dawo mini da shi. Ta kai wa likita maganar, ya yi dariya ya ce tazarar ta ruwa ce, ya samu hanyar fita. Wannan mummunan ɗinkin shi ne ya kama.

Mun dawo gida huɗa ta wuce, maƙwabci ne ya riƙe shanun ya yi mana abin da ya samu. Alhaji bai taɓa ta da maganar bokiti ba, ni ma haka. Gaisuwarmu tana nan yadda take. Sai dai bayan kwana biyu ya aiko wa Inna da sandar sabulu da ƙullin omo ya ce a ba ni. Har yau ban sani ba ko godiya ce ko habaici, na dai karɓa na yi wanki.

Abin da nake so 'yan'uwana mata su riƙe ba shi da yawa. In ƙarfe ya yanki mutum a gona, kada a bari a cusa ƙasa ko toka. A danne da tsumma mai tsabta, a wanke da ruwa mai kyau, mai yawa, a nufi asibiti tun ranar, ko hanya ta yi nisa. Kada kyan zare ya ruɗe ku, ku tambayi mai ɗinkin ko ya wanke har ciki. In an ɗinke kuma ciwo ya kama zogi da zafi da kumburi, ba warkewa yake yi ba. In kuma likita ya ce a bar shi a buɗe, ba ya nufin ya fid da rai.

Malam bai koma yadda yake ba. Naman da aka yanke bai dawo duka ba, sharaɓar ta rame, kuma tafin ƙafar ba ya ɗaguwa sosai. Likita ya ce wataƙila ya ƙara sakewa, wataƙila kuma iyakarsa ke nan. Ko zai iya bin shanu bana, ba mu sani ba, shi ma ba ya son a yi zancen. Wani lokaci in na ga ya zauna yana shafa tabon ya yi nisa cikin tunani, raina yakan ɓaci in rasa wanda zan ji haushi.

Amma ya ajiye sanda. Da kansa yake zuwa masallaci, kuma in an idar da sallar la'asar nakan tsayar da keke in kasa kunne. Maza suna wucewa ta bayan katanga, kowa da irin tafiyarsa. Takun Malam ba ya ɓace mini: taku ɗaya mai ƙarfi, sai ɗaya da ke jan ƙasa kaɗan kafin ya sauka. Ina zaune ina bin su tun daga kan kwana har zaure. Ɗaya na jiran ɗaya, amma dai guda biyu nake ji.